Idan Hoton Tele Ya Daskare: Yadda Ake Bin Sawun Matsala Daga Allo Zuwa Saman Kwano

A watan Disamba, lokacin kokowar takobi, da wuya ka wuce ƙofar gida a Tawa ba ka ji muryar mai sharhi tana fitowa daga tele ba. A irin wannan lokacin ne wani dattijo maƙwabcina ya aiko jikansa da gudu ya kira ni. Na tarar da tsakar gida cike da mutane, ƴan kokowa biyu sun sarƙe a allo, amma hoto ya tsaya cak, ya farfashe ya zama ƙananan gidaje kamar na dara. Murya tana zuwa tana yankewa. Dattijon ya ce, "Ɗana, akwatin nan ya mutu. Gobe ka raka yaron nan kasuwa ya sayo wani." Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri in duba waya tukuna." Na bi wayar eriya daga bayan dekoda har inda ta fita ta taga. Ƙarfen taga ya murƙushe ta, daga waje kuma rana ta cinye rigarta har zaren ciki ya fito ya yi baƙi. Na aika aka ɗauko wata waya a gidana, muka sauya, hoto ya dawo kafin a kira kokowa ta gaba. Dekodar nan tana aiki har yau.

Abin da na gani a gidan shi nake gani a mafi yawan gidajen da aka kira ni. Ana ɗora wa akwati laifi domin shi ne a gaban ido, alhali ciwon yana can waje, a jikin waya, ko a kanta, ko a eriyar da iska ta karkatar. Don haka tsarin da zan bi a nan shi ne wanda nake bi da hannuna: a fara da abin da ba ya cin ko dala, a bar sayen sabon kaya ya zama na ƙarshe, kuma a riƙa taɓa abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya juya eriya, ya sauya waya, ya sake neman tashoshi duk a tare, ko hoto ya dawo bai san abin da ya gyara ba, gobe ma zai sake lalube.

Tele ta shigo Nijar a 1964 a matsayin telebijin ɗin makaranta, Télé Sahel kuma ta fara a 1979. Duk wanda ya girma da tsohon tsari ya saba da hoto mai yashi: idan sigina ta yi rauni, yashin ya ƙaru, amma kana ganin inuwar mutane, kana jin magana. A 2006 ƙasashen Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya suka sa hannu a Janeba, ƙarƙashin hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, cewa za a koma tsarin dijital, aka sa ranar 17 ga Yuni 2015 a matsayin wa'adi ga zangon UHF. Ƙasashen yammacin Afirka suka zaɓi tsarin DVB-T2, wanda muke kira TNT a nan, kuma a Nijar hukumar AND ce ke da alhakin watsa shi. Halin wannan tsari dabam ne da na da. Hoto yana zuwa ne a matsayin lambobi, dekoda tana haɗa su, tana ma iya cike waɗanda suka ɓace a hanya har zuwa wani iyaka. Muddin ba a kai iyakar ba, hoto tas yake. Da an ƙetare ta kaɗan, sai daskarewa, sai baƙin allo. Kamar bakin rijiya ne: taku ɗaya ke tsakanin tsayuwa da faɗawa. Shi ya sa gidan da ya shekara yana kallo lafiya zai iya rasa hoto a dare ɗaya ba tare da wani abu babba ya faru ba. Dama a bakin rijiyar yake tsaye, ɗan tsatsa ya tura shi.

Wa ke magana, tele ko dekoda?

Idan allo ya rubuta "Pas de signal", kada ka hau kwano tukuna. Ɗauki telekomand ɗin dekoda ka danna Menu. In jerin zaɓin dekoda ya fito, to tele da dekoda suna jin juna, matsalar tana daga dekoda zuwa sama. In bai fito ba, tele ce ke cewa ba ta ganin dekodar, kuma eriya ba ruwanta. Sai ka duba ko fitilar dekoda tana kunne, ka danna Source a telekomand ɗin tele ka zaɓi ƙofar da ka saka waya, HDMI 1 ko HDMI 2 ko AV. Yara kan canza wannan da wasa. Idan da wayoyi uku ne masu launi, rawaya ta hoto ce, ja da fara na murya. Telekomand da ake zargi kuma ana gwada shi da kyamarar wayar salula: ka nuna kansa ga kyamara ka danna maɓalli, in yana aiki a yawancin wayoyi za ka ga ɗan haske yana ƙiftawa.

Daga nan sai maƙwabci. Tashoshin TNT a dunƙule suke zuwa, da yawa a kan mita ɗaya daga dogon ƙarfen watsawa ɗaya. Idan duka sun ɗauke a gidanka kuma sun ɗauke a gidan maƙwabci, to daga wurin watsawa ne, wataƙila kuran ya ɗauke musu ko ana gyara, kuma babu abin da za ka yi sai jira. Idan tasha ɗaya ce ta yi baƙi sauran suna tafiya, daga gidan tashar ne, can Yamai, fiye da kilomita 500 daga ɗakinka. Na sha ganin mutum ya kwance eriyar da ke daidai saboda tasha ɗaya ta ɗauke, ya ɓata abin da ke lafiya. Wanda ke ƙauye kuma yana son fara kama TNT, ya fara tambaya ko akwai wanda ke kamawa a garin kafin ya kashe kuɗinsa. Inda sigina ba ta kai ba, parabol ce hanya.

Akwai kuma kayan da tun asali ba za su kama ba, kuma wannan ya shafe mu ƙwarai a nan ƙasar Adar, inda kusan kowane gida ke da ɗan bida da ke aiko da kaya. Dekodar parabol, wadda aka rubuta DVB-S2 a jikinta, ba ta jin yaren eriya. Tele ɗin hannu da ta fito daga Faransa sau da yawa DVB-T take da shi, babu 2 ɗin, za ta nema har ta gaji ba ta samu komai ba. Wadda ta fito daga Amurka tsarinta ATSC ne. Dekodar kamfanin biya irin GOtv a ɗaure take da kamfaninta. Duk waɗannan telolin ba sai an yar da su ba, ƙaramar dekodar DVB-T2 za a haɗa musu. In za ka saya, nemi wadda aka rubuta H.265 a kwalinta, domin tana karanta H.264 ma, ita kuwa mai H.264 kaɗai ba ta karanta sabon. Alamar wannan matsala ita ce sunan tasha ya fito, murya ma ta fito, amma babu hoto. Dekodar da ake kira kwambo tana da ƙofa biyu a baya, LNB IN ta parabol da ANT IN ta eriya, kuma na taɓa gyara gida guda da cire waya daga wannan ƙofar zuwa waccan kawai.

Sanduna biyu

A cikin Menu, ƙarƙashin Installation ko Recherche manuelle, ko kuma ta danna Info sau biyu a yawancin dekododi, za ka ga sanduna biyu. Ɗaya ƙarfin sigina ce, ana rubuta ta Niveau ko Intensité. Ɗayar Qualité, wato tsabtarta. Ƙarfi kamar amon murya ne, tsabta kuwa ita ce ko ana fahimtar abin da ake faɗa. A tsakiyar kasuwar Tawa ranar Lahadi amo ya cika ko'ina, amma ba ka jin abin da na kusa da kai ke cewa. Ta biyun ce ke ba ka hoto, ita za ka zuba wa ido a duk aikin da zai biyo baya.

Lambobin sandunan nan ba ma'auni ɗaya ba ne a kowace dekoda, 60 na wannan ba shi ne 60 na waccan ba, saboda haka kada ka gwada naka da na maƙwabci. Abin lura shi ne halinsu. In duka biyun suna ƙasa ko sifili, waya ta yanke, ko kanta ya haɗe, ko eriya ta juya baya. In ƙarfi ya cika amma tsabta tana ƙasa, akwai hayaniyar lantarki kusa, ko ampili ya cika ƙarfi. In tsabta tana hawa tana sauka kamar numfashi, wani abu yana motsi: eriya a cikin iska, reshen itace, ko kan waya da ya saki. Ranar da tele ke aiki lafiya, rubuta lambobin biyu da lambar kanal a takarda ka manna a bayan dekoda. Ranar matsala takardar nan za ta rage maka rabin wahala.

Waya

A nan zan daɗe, domin a nan ne mafi yawan ciwon yake. Wayar eriya hawa huɗu ce: tsinken jan ƙarfe a tsakiya, farin kumfa kewaye da shi, sai takardar azurfa da saƙar siraran zare, sai rigar roba. Sigina tana tafiya ne tsakanin tsinken da saƙar, kuma tazarar da ke tsakaninsu dole ta zauna daidai. Shi ya sa wayar da ƙofa ta matse, ko aka lanƙwasa ta kamar gwiwar hannu, ko aka buga mata ƙusa a bango har ta baje, takan ci sigina ko da ba ta yanke ba. Wadda ake so ita ce mai 75 ohm, an rubuta RG6 a jikinta. Siririyar da kan zo kyauta a cikin kwalin eriya ba ta cika jure ranarmu ba.

Ko waya mai kyau tana shan nata kaso. A mitocin UHF, RG6 takan cinye kusan rabin ƙarfin sigina a kowace mita 15. Wanda ya bar mita 30 a naɗe bayan tele don gudun yankewa, yana kashe kashi uku cikin huɗu na abin da eriyarsa ta kamo. A yanke ta daidai tsawon da ake buƙata, a bar ɗan rara kaɗan. Ƙaramin ƙarfen da ake raba waya da shi zuwa ɗaki biyu shi ma yana ba kowane ɗaki ƙasa da rabi. A gidan da ke da ɗakunan mata biyu ko uku, in hoto yana daskarewa, a fara cire mai rabawar a haɗa tele ɗaya kai tsaye a gani. Abin da ba a yi ko kaɗan shi ne murɗe wayoyi biyu da hannu a naɗe da leda kamar wayar kuran. A tsohon tsari hakan yakan wuce da ɗan yashi, a wannan kuwa shi ke kashe hoto.

Ga yadda ake haɗa kan waya, wanda masu gyara ke ce wa fish. Da reza mai kaifi ka zagaye rigar roba kamar santimita ɗaya da rabi daga baki, a hankali don kada ka yanke saƙar. Ka mayar da zaren saƙar baya su kwanta a kan riga. Ka yanke farin kumfa ka bar kamar rabin santimita, tsinken tsakiya ya fito kamar santimita ɗaya, ba tare da reza ta karce shi ba. Sai ka murɗa kan a bisa saƙar har farin kumfa ya zo daidai da gindin ramin ciki, tsinken ya ɗan leƙo waje kaɗan. Kafin ka saka, ɗaga shi ga haske ka duba ciki da kyau. Zare ɗaya tak, siriri kamar gashi, in ya taɓa tsinken tsakiya, ya isa ya kwashe sigina duka. Wannan zaren ya sa an sayi dekododi da yawa a banza.

A can sama, inda waya ke shiga ƙaramin akwatin roba na eriya, nan ne ruwa ke samun hanya. Ka buɗe akwatin. Za ka iya samun tsatsa kore a kan sukurori, ko ƙurar hunturu da ta daskare, ko gidan zanzaro. Ka kankare har ƙarfe ya yi haske, ka ɗaure, ka rufe, bakin da waya ke fita ya kalli ƙasa. Ka naɗe mahaɗin da salatif na masu wuta, ka ɗaure wayar a jikin tiyon eriya kowane taku biyu don kada iska ta riƙa fizgar ta. Kafin ta shiga ɗaki, a bar ta ta ɗan sauka ƙasa da ramin sannan ta hau, domin ruwan da ke bin ta ya ɗiga a waje. Ruwa in ya shiga cikin waya yana bin saƙar kamar yadda kananzir ke bin lagwani, har ya kai bayan dekoda. In ka yanke waya ka ga zaren ya yi baƙi ko ya zama gari, ci gaba da yankewa har ka sami mai haske. In ka yi mita guda ba ka samu ba, wayar ta gama aiki.

Mutane kan ce ruwan sama ne ke ɗauke TNT. Wannan halin parabol ne, wadda ke aiki a mitoci masu tsawo sama da 10 GHz, inda ɗigon ruwa ke tare sigina. TNT tana tsakanin 470 da 694 MHz, ruwan sama da ƙurar hunturu ba sa yi mata wani abin kirki a iska. In hotonka yana tafiya duk lokacin da aka yi ruwa ya dawo bayan rana ta buɗe kwana biyu, ruwan yana cikin wayarka ne.

Eriya da ƙasar Adar

Eriya mai kama da ƙashin kifi, wadda wasu Japanawa biyu, Yagi da Uda, suka ƙirƙira a 1926, tana da gaba da baya. Gajerun sanduna su ne gaba, su ke kallon wurin watsawa, raga ko dogayen sanduna suna baya. Sandunan kuma ko dai a kwance ko a tsaye, gwargwadon yadda tashar ke watsawa. Dubi na gidajen da ke kamawa da kyau ka yi irin nasu, ko ka gwada duka biyun kana kallon sandar tsabta. Kuskure a nan yana cin sigina fiye da waya mai tsawo.

Juyawa aikin mutum biyu ne, ɗaya a sama, ɗaya a gaban allo, wayar salula a kunne tsakaninsu. Na sama ya juya kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu, ya saki, ya matsa gefe, ya ƙirga biyar, domin dekoda tana jinkiri kafin ta nuna sabon lamba, jikin mutum ma yana canza sigina. Kada a tsaya a inda hoto ya fara fitowa. A ci gaba zuwa dama har tsabta ta faɗi, a sa alama, a dawo hagu har ta faɗi, a sa alama, sannan a ɗaure a tsakiya. Wanda ya ɗaure a inda hoto ya fara fitowa ya ɗaure a bakin rijiya, iskar hadarin farko za ta tura shi.

Tsawon zangon sigina a 600 MHz rabin mita ne kacal. Ma'anar wannan a aikace ita ce matsar da eriya taku ɗaya gefe, ko ɗaga ta kamu biyu, yana iya canza komai, musamman a cikin gari inda sigina ke dukan kwanon gidaje da tankunan ruwa tana dawowa. A nisanta eriya da kwanon rufi da aƙalla mita ɗaya. Ƙaramar eriyar cikin ɗaki kuwa, a ɗakin kwano ko na siminti mai rodi, tamkar an saka ta a tukunya ne an rufe. In dole ne, a kai ta bakin tagar da ke kallon wurin watsawa.

Sigina ta UHF a miƙe take tafiya, ba ta hawa dutse ta sauka. Wannan shi ne babban ƙalubalen Adar, ƙasar fako da tsaunuka masu baje kai da kwaruruka masu zurfi. Garin da ke bisa tudu da nisa yana iya kamawa, na cikin kwari da ya fi shi kusa ya rasa. Wanda ke zaune a kwaruruka irin na Kaita da Tamaske, ko a gindin dutse, ya fara gwaji da dogon tiyo a hannu a wurare daban-daban na gida kafin ya haƙa rami. Wani lokaci ma sigina mafi tsabta ba daga gaba take zuwa ba, daga jikin dutsen da ke gefe take dawowa, kuma DVB-T2 yana iya aiki da irin wannan in dai ta tsaya daram.

Itace ma yana tarewa, musamman mai ganye jiƙaƙƙe. Bedi da ke gaban eriya yakan ƙara cika da damina. Gawo kuwa akasin haka yake yi, yana zubar da ganye da damina ya tofo da rani. Na san gidan da hotonsu ke lafiya duk damina, sai bayan kaka ya fara daskarewa, kuma gawon bayan gida ne sanadi. Ba a sare itace don tele a ƙasar da aka sha wuya kafin a raya shi, kamar yadda aka yi a kwarin Kaita tun daga 1984. Tiyo aka matsar zuwa ɗaya kusurwar gidan, magana ta ƙare.

Ampili, da abin da ba ya iyawa

Mai shago zai ce ka sayi ampili, wanda ƴan Najeriya ke kira busta. Yana da amfani a wuri biyu: inda aka yi nisa da wurin watsawa, da inda waya ta yi tsawo ko aka raba ta ɗakuna. A nan ma sai an ɗaura shi can sama kusa da eriya, ya ƙarfafa sigina tun tana da tsabta. Wanda aka saka a bayan tele yana ƙarfafa sigina da dattinta gaba ɗaya. A cikin gari, kusa da dogon ƙarfe, ampili yakan ɓata abu, domin yana cika dekoda da ƙarfi har ta kurmance, ka ga ƙarfi 100 tsabta sifili. Cire shi ka gani.

Eriya mai ampili a ciki tana buƙatar wuta, ko daga ƙaramin akwatinta na kuran, ko daga dekoda. A Menu akwai wurin da aka rubuta Alimentation antenne, 5V. In eriyarka mai ampili ce kuma ba ta da nata akwatin, a kunna shi, in ba haka ba ba za ta kawo komai ba. In ba ta da ampili, a kashe. Idan dekoda ta rubuta cewa akwai court-circuit, koma ga zaren nan mai kama da gashi.

Matsalar da ke da lokacinta

In hoto yana lalacewa a wani lokaci na musamman, tambayi kanka me ake kunnawa a lokacin. In da magariba ne, ƙwayayen fitila masu arha da cazojin salula da na'urar da ke juya wutar batir ɗin sola zuwa kuran duk suna fitar da hayaniyar lantarki. Kashe su ɗaya bayan ɗaya kana kallon sandar tsabta, za ka kama mai laifin. In hoto yana tsinkewa duk lokacin da ɗan kabu-kabu ya wuce ko aka tayar da grup na fetur, tartsatsin fulogi ne, kuma maganinsa waya mai saƙa mai kauri da eriyar da ta yi nisa da titi. Mai walda a maƙwabta ma haka. Wanda ke kusa da ƙarfen kamfanin salula ya sani cewa mitocin 700 da 800 MHz, waɗanda a da na tele ne, duniya ta mayar da su ga salula, tsofaffin ampili kuma har yanzu suna kwaso su. Akwai ƙaramar matata mai rubutun LTE ko 4G da ake sakawa tsakanin eriya da ampili.

In kuwa dekoda tana aiki da safe, da azahar ta fara daskarewa ko tana mutuwa tana tashi da kanta, zafi ne. A watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa yana wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano ya fi haka. Uwargida takan lulluɓe dekoda da ƙyalle saboda ƙura, niyya ce mai kyau, amma a cire ƙyallen in za a kunna. Kada a ɗora ta a kan tele ko a cusa ta a kabad, a ɗaga ta a kan ƴan katako biyu iska ta bi ta ƙasa. Sau da yawa ma ba dekodar ce ta gaji ba, cazarta ce. A gwada wata mai lamba ɗaya daidai, 12V a madadin 12V, 5V a madadin 5V. Kuran da ke hawa yana sauka daga 220 yana buƙatar regilata, mai sola kuma ya duba ko batir ne ke rauni da tsakar dare.

Neman tashoshi na bar shi kusan ƙarshe da gangan. Yawancin mutane da shi suke farawa, kuma yana da haɗari: Recherche automatique yakan goge jerin da ke akwai kafin ya nemi sabo, in sigina ba ta nan a lokacin, ka rasa jerin, ka kuma rasa sandunan da za ka gyara eriya da su. A yi shi ne kawai in tsabta ta dawo, ko in an sanar cewa an canza mita ko an ƙara tasha. In jerin ya riga ya goge, shiga Recherche manuelle ka saka lambar kanal da ka rubuta a takarda ko ka gani a dekodar maƙwabci. Kanal suna farawa daga 21, wato 474 MHz, kowane yana ƙaruwa da 8, har zuwa 48, wato 690 MHz. Faɗin zango a bar shi a 8 MHz. In dekoda ta tambayi ƙasa kuma babu Nijar a jerin, a zaɓi Faransa.

Idan duk an bi wannan babu canji, gwaji ɗaya ya rage: ɗauki dekodarka ka kai gidan da ke kamawa, ka haɗa ta a wayarsu. In ta yi aiki a can, lafiyarta lau, koma ga wayarka da eriyarka. In ta ƙi a can ma, yanzu ka sami hujjar zuwa kasuwa.

Magana ta ƙarshe ta fi hoto muhimmanci. Tiyon eriya ƙarfe ne mai tsawo, wayoyin kuran kuma a unguwanninmu da yawa suna wucewa dab da rufin gidaje. A kafa tiyo nesa da su da aƙalla ninki biyu na tsawonsa, yadda ko ya faɗi ba zai kai gare su ba, kuma kada mutum ɗaya ya ɗaga shi shi kaɗai. Ba a hawa kwano da jiƙaƙƙen takalmi, ba a hawa da dare, ba a hawa in hadari ya haɗo ko da daga nesa ake jin tsawa. A haɗa gindin tiyo da waya mai kauri zuwa ƙarfen da aka kafa cikin ƙasa. Da damina, in an ga gabas ta yi baƙi, a cire wayar eriya daga dekoda, a cire ta kuran daga bango tun kafin iska ta iso, domin kashewa da telekomand ba ya hana aradu bi ta waya. Ina roƙon iyaye musamman: kada a tura yaro saman kwano ya juya eriya ana tsakiyar kallo. A jira gari ya waye, babba ya hau, wani babban ya riƙe masa tsani.